Asalin Sunan Harafin Lodi

Har yau a makarantun allo na Gyallesu da sauran unguwannin Tudun Wada, idan yaro ya shiga babbaƙu ana biya masa sunayen haruffa irin na kaka da kakanni: ba guje, an baki wofi, kaf lasan, sodi, lodi. A kan na ƙarshen nan muke so mu tsaya, domin mun ji wasu samari da suka ɗan taɓa tajwidi suna yi wa dattawa dariya saboda shi, har suna ƙyamar bin su salla.

Lodi shi ne harafin da Larabawa suke kira Dad. Wasalin "o" kaurin harafin ne ya jawo shi, kamar yadda Sad ya zama sodi. To, ina lam ya fito?

Sibawaihi, wanda ya rasu wajen shekara ta 180 bayan Hijira, ya bayyana cewa mafitar harafin nan ita ce gefen harshe tare da turamen haƙora da ke daura da shi. Mafitar lam kuwa maƙwabciyarta ce. Ashe ke nan malamanmu na farko harafi suka ji yana fitowa ta gefen harshe, suka kai shi ga mafi kusa da shi a bakin Bahaushe. Shi ya sa muke cewa alwala, farilla, lalura, haila, lamiri da alƙali, alhali duk Dad ne a asalinsu. Ba mu kaɗai ba ne kuma: mutanen Andalus sun ari kalmar alƙali, har yanzu a Sifen "alkalde" suke ce wa magajin gari.

Ba mu ce lodi lam ba ne. Ibnul Jazari, wanda ya rasu a 833, ya lissafa mai da shi lam mai kauri cikin kurakurai, ya jingina shi ga mutanen Zaila'u. Sai dai dal mai kaurin nan da samarin suke kwaikwayo daga bakin Misirawa, shi ma bai dace da siffar da Sibawaihi ya bayar ba.

Game da salla kuwa, Shehu Halilu ya kawo saɓani a Muhtasar kan bin limamin da ba ya rarrabe Dad da Za mai kauri. Abin da masu sharhi irin su Dardiri suka rinjayar shi ne sallar ta inganta, muddin ba da gangan ya yi ba.