Takardar Shaida Ba Ta Hana Zufa

'Yan'uwa mazauna Sabo a Ibadan, ku leƙa jami'ar garin ku dubi laburaren da Turawan Ingila, Maxwell Fry da Jane Drew, suka zana a shekarun 1950. Bangonsa huje yake kamar rariya, iska na ratsawa, rana kuwa ba ta samun ƙofa. To, don me a yau jami'o'inmu ke kafa akwatunan gilashi, da an ɗauke wuta ɗalibi ya jiƙe sharkaf, dizal ɗin janareta ya lashe kuɗin littattafai? Sa'an nan wai a nemo takardar shaidar kare muhalli daga Amurka! Haba! Wa ya ba maginan Zariya takarda kafin su san kaurin bango na tare zafi? Hukumomin jami'a su tambayi mai zane inda iska za ta bi kafin su sa hannu a kwangila.