Yaro ya ce a sayo masa injuna: mu tsaya mu yi lissafi



Ranar wata Juma'a muna cikin shirinmu na rediyo sai wata baiwar Allah ta bugo mana tarho daga Tibiri. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ta ce: "Ɗana, tambaya gare ni. Yarona ya samu bak bara, yanzu ya tasa ni gaba wai in fasa asusuna in ba shi jika 200 ya tafi Kano ya sayo waɗansu injuna, ya jera a zaure, ya koyi aikin rezo. Na ce na niƙa ne? Ya ce a'a. Na ce na matsar mai? Ya ce a'a. To injin da ba ya niƙa, ba ya matsa, me za a ci da shi?" Mun yi dariya, masu saurare ma sun yi. Amma da muka rufe shiri sai maganar ta tsaya mana a rai, domin jika 200 a hannun mai ƙuli-ƙuli gumin shekara ne ko fiye. Mun ce mata: "Inna, ki riƙe kuɗinki tukuna, ki ba mu lokaci mu tambayi masu abin." Ga abin da muka samo, ga kuma ra'ayinmu.

Da farko dai yaron bai yi wa uwarsa ƙarya ba, sana'ar tana nan, kuma ku 'yan kasuwa kun fi kowa sanin amfaninta ko da ba ku san sunanta ba. Wane ne a cikinku bai taɓa zuwa aika kuɗi ta Nita ko Amana ko Al Izza aka ce masa "babu rezo, sai an jima" ba? Kaya na jira a Ɗan Isa, mai kaya na ta bugo waya, kai kana zaune a benci. Manoman Jiratawa su ma yanzu hoton zogalensu da albasarsu suke turawa ta WhatsApp kafin mota ta taso. Duk wannan yana tafiya ne a kan wayoyi da ƙananan akwatuna da wani mutum ya haɗa, ya tsara, yake kuma gyarawa idan sun ƙi.

Akwatunan iri biyu ne manya. Akwai suwic, wanda ke haɗa kwamfutocin gida ɗaya ko ofishi ɗaya, kamar layin rumfuna a cikin kasuwa. Akwai ruta, wanda ya san hanyar fita daga wannan kasuwa zuwa waccan, kamar tsohon direban da ya san ta inda ake bi daga Maraɗi zuwa Katsina. Kowace na'ura tana da lambarta kamar yadda kowace rumfa take da lamba, kuma rabin karatun shi ne iya raba lambobin nan ba tare da biyu sun ci karo ba. Kamfanin Cisco na Amurka shi ke shirya jarrabawar da aka fi sani a wannan fanni, ana kiranta CCNA. Tun watan Fabrairu na 2020 aka maida ta jarrabawa guda mai lamba 200-301, ana yin ta cikin minti 120. Kuɗinta dala 300, kuma dalar Amurka muke nufi, kada wata ta yi lissafi da dalarmu ta cikin kasuwa. In aka canza, abin ya kai wajen jika 170 ko sama da haka, gwargwadon canjin ranar. Wanda ya faɗi, sai ya sake biyan kuɗin gaba ɗaya. Wanda ya ci, takardar shekara 3 take yi, sai a sabunta.

To ina injuna suka shigo? Nan yaron yake da gaskiya ta biyu. Wannan aiki ba a iya shi da hadda. Kowa ya san yadda aka koyi ɗinki a garin nan: yaro ya zauna gaban keke, ya ɓata ƙyalle, ya warware, ya sake. Mai koyon rezo shi ma yana bukatar wurin da zai haɗa, ya lalata, ya kwana yana neman inda ya yi kuskure, ba tare da ya tsayar da cinikin kowa ba. Ba wanda zai ba sabon hannu ofishinsa ya yi gwaji. Saboda haka ne masu koyo a ko'ina cikin duniya suke kafa ɗan wurin gwaji a gida. Mun yarda da wannan ɗari bisa ɗari, kuma muna kira ga iyaye su ɗauke shi a matsayin jari, kamar keken ɗinki ko akwatin kayan kanikanci.

Inda muka rabu da yaron shi ne wajen jika 200 tun ranar farko. Cisco da kansa yana da makarantar intanet, Networking Academy, tun 1997, kuma tana ba da wata manhaja kyauta mai suna Packet Tracer. A cikinta mutum zai jera suwic goma, ruta biyar, ya ja waya tsakaninsu a kan allon kwamfuta, ya rubuta musu umarni kusan irin wanda zai rubuta wa na ƙarfe. In ya ɓata, ya goge ya sake, ko dala ba ta fita ba. In an sauke ta sau ɗaya, mafi yawan aikin ba ya cin kuɗin intanet. Akwai wata kuma, GNS3, ita ma kyauta, ga wanda ya yi nisa. Darussan makarantar akwai su da Faransanci. Abin da ake bukata a farko kwamfutar hannu ce guda, ko ta gwanjo, mai batir mai rai.

Maganar batir ba ƙarama ba ce. Ba mu manta watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, mu da muke sha ta layin Katsina zuwa Gazawa. Watanni aka yi ana rabon wuta kamar rabon zakka, sai bayan ɗage takunkumi a Fabrairun 2024 abin ya fara sauƙi. Tsofaffin injunan da ake sayarwa a titin Beirut na Kano, waɗanda bankuna da kamfanoni suka gama ci suka zubar, suna shan wuta, fankarsu tana ƙara dare da rana, ga zafin watan Afrilu, ga ƙurar hunturu mai toshe komai. A jera guda huɗu a zaure, wuta ta ɗauke, sun zama duwatsu. Kwamfutar hannu kuwa ƙaramin farantin hasken rana ya ishe ta. Kuma mai saye da bai san kaya ba, a wace kasuwa ce ba a cutarsa? Yaron da bai taɓa kunna suwic ba, ta yaya zai gane mai lafiya daga matacce?

Shawararmu ita ce a yi abin kamar yadda kuke yin kasuwa: da tiya ake farawa kafin buhu. Yaro ya yi wata uku ko huɗu a kan manhajar kyauta. In an ga yana tashi da asuba yana kai, ba ƙwallon Turai yake kallo a kwamfutar ba, sai a ƙara masa: suwic guda na hannu, da waya, da ɗan filayar da ake matse kan waya da ita, domin a cikin kowace waya akwai siraran zare 8 masu launi, kuma jera su daidai sai hannu ya saba. Sai ƙaramin ruta na MikroTik, wani kamfanin ƙasar Latbiya, wanda masu sayar da tikitin wifi a unguwanni suka fi amfani da shi. Wannan ɗan akwati shi ne zai fara maido kuɗi, musamman tun da Starlink ya fara aiki a Nijar a 2025, masu kanti da makarantu da gidajen magani suna neman wanda zai raba musu intanet, ya ɗaura musu kamarar tsaro. Abokai uku ko huɗu suna iya haɗa kuɗi su sayi kayan tare, su ajiye a zauren mutum ɗaya. Ba sabon abu ba ne a wurinmu: asusun Mata Masu Dubara a nan jihar Maraɗi ya soma a 1991 kafin ƙasashe da dama su kwaikwaya.

Kuɗin jarrabawa su ne na ƙarshe, kuma kada a biya sai yaro ya nuna aiki. Uwa ba ta bukatar sanin kwamfuta kafin ta gwada ɗanta. A kai shi wurin wanda ya iya, a cikin malaman makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa ko ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, a lalata masa haɗi da gangan a ce ya gyara. A kuma sani jarrabawar CCNA da Ingilishi ake yin ta, babu ta da Faransanci, to ɗan lakwal ɗinmu sai ya haɗa da koyon Ingilishin aikin. Sa'armu ɗaya, Katsina ba ta kai kilomita 100 daga nan ba, kuma 'yan uwa ne.

A yi hattara da masu cewa a ba su kuɗi su turo amsoshin jarrabawa ta waya. Cisco yana soke takardar wanda ya kama da wannan, kuma ko ba a kama shi ba, ranar da Alhaji ya kira shi ya ce rezon magaza ya tsaya, hadda ba za ta tashe shi ba. A garin da labari ke zaga kasuwa kafin la'asar, sau ɗaya ake jin wannan kunya.

Ba mu ce takardar nan tana buɗe ƙofar Airtel ko Moov ko Zamani ko Niger Telecom da kanta ba. Guraben kaɗan ne, yawancinsu a Yamai, kuma kowa ya san yadda neman aiki yake a ƙasar nan. Wanda zai shiga, ya shiga da niyyar riƙe kansa, ya bi kanti-kanti da jakar kayan aikinsa. Kuma iyaye mata, wannan karatu ne da ɗiya mace za ta yi a tsakar gida, gaban idonku. Gidajen da namiji baƙo ba ya shiga suna da yawa a Maraɗi da Tibiri, su ma suna son a haɗa musu intanet.

Innarmu ta Tibiri ta sake bugowa bayan sati biyu, muka karanta mata lissafin nan. Ta ce kwamfutar gwanjo za ta iya, sauran sai ta ga kamun ludayinsa. Sai ta ƙara da cewa ƙanwar yaron, wadda ke shirin birebe bana, ita ta fi shi naci a kan wayar gidan, ko ita ma za a bar ta ta taɓa? Mun ce kwamfuta ɗaya ta ishi mutum biyu, in dai an raba musu lokaci.