Gemu Ba Ya Hana Ilimi

'Yan'uwa manoma na Toranke da kewaye, akwai wata hasara da muke yi wadda ba fari ne ke jawo ta ba. In baƙo ya zo daga Kudu sayen amfanin gonarmu, sai mun nemi tafinta. Haka kuma a banki wurin neman rance. Wanda bai ji ciniki da kunnensa ba, wani ne ke yanka masa farashi.

Tun 1980 Jihar Kano ta kafa hukumar ilimin manya, mutane da yawa kuwa sun koyi karatu ta wannan hanya. Amma karatu dabam, magana dabam. Magidanci yakan ji kunyar yin kuskure a gaban jama'a, sai ya yi shiru.

Yanzu ana iya koyon magana da Turanci ta wayar hannu, malami ɗaya da ɗalibi ɗaya. Ba mai yi maka dariya. Ka faɗa, a gyara maka, ka sake faɗa.

Shawararmu ita ce, bayan kaka kowace ƙungiya ta zaɓi mutum biyu, namiji da mace, ta biya musu kuɗin data da na malami. Su kuma su riƙa koya wa saura da maraice. A gwada malami tukuna kafin a ba shi kuɗi mai yawa, a kuma ce ya fara da maganar kasuwa, awo da rance.

Hausarmu tana nan, ba za mu yar da ita ba. Mu dai haɗa kai, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.