Ɗan Makaranta Da Kantin Ingila

Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, yau kuwa sai mun faɗe ta, ko da waɗansu malamai za su ji haushinmu. Yaro ya shekara goma sha biyu yana karatu, ya san sunan kogin da ya ratsa Landan, ya ci jarrabawa, aka aika da shi Ingila ƙaro ilmi, amma ran da ya sauka bai san yadda zai sayi abin sawa a bakin salati ba. In ka yi zancen sai a ce maka wai wannan ƙaramin abu ne, wanda ya ji Turanci ba ya ɓata a kasuwa. Mu ba mu yarda ba, ko kusa.

Ku dubi kakanninmu fataken Gwanja. Ba su taɓa shiga aji ba, amma sukan yi watanni a hanya daga Kano zuwa Salaga neman goro, ba kuwa wanda zai sauka ya faɗa kasuwa kai tsaye. Sai ya nemi mai gida a zango, wanda zai ba shi masauki, ya yi masa tafinta, ya haɗa shi da dillali, ya gaya masa wanda ake ba bashi da wanda ba a ba. Sun san baƙo ko da ido makaho ne. Mu da muka yi boko, mu ne muke jin kunyar tambaya.

To, kada ku ce abin bai taɓa zama da wuya ba. A shekarar 1945 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tafi Landan karatun malanta, a 1946 Malam Aminu Kano ya bi baya. A wannan zamani, saboda ƙuncin yaƙi, kuɗi kaɗai ba ya saya wa mutum nama ko sukari a Ingila, sai da ɗan littafin rabo na Gwamnati, kuma sai ka rubuta sunanka wurin mahauci guda ka tsaya gare shi. Har burodi aka sa wa rabo daga 1946 zuwa 1948, na nama kuwa bai ƙare ba sai 1954. Wane littafin aji ne ya shirya baƙo ga wannan? Sauƙi guda da suka samu shi ne lissafin kuɗi ɗaya ne da na gida, kwabo 12 sule, sule 20 fam. Wannan ma ya wuce, Ingila ta sake lissafinta a 1971, Nijeriya ta koma naira a 1973.

Yanzu babu rabo, kaya sun cika kanti maƙil, amma makantar baƙo tana nan. A gida an koya mana gaisuwa, da tayi, da albarka, da neman ragi, da gyara bayan an sallama. Can kuwa kuɗin kowane abu a rubuce yake, wanda ya taya sai a dube shi kamar ya zautu. Ka bi layi, ka biya da kati, wani lokaci ma ba mutum a gabanka sai na'ura. Tun 2015 ledar zuba kaya ma saye ake yi a manyan kantuna, ran Lahadi kuwa doka ba ta bar su su buɗe fiye da awa shida ba. Yaro ya riƙa juya kowane farashi zuwa naira a zuci har ya ji tsoron sayen albasa, ya koma burodi da shayi safe da dare, ya rame, karatun da aka sayar da shanu dominsa ya gagara.

Ga wata kuma wadda ta fi ba mu haushi. A Turanci alade yana da suna guda in yana tafiya da ƙafarsa, namansa yana da sunaye dabam dabam, kitsensa da nasa sunan. Littafin makaranta na farkon kaɗai ya koya mana. Akwai kuma wani abu mai danƙo da ake samu daga fata da ƙashin dabba, sau da yawa na alade, a zuba shi cikin alewa. Musulmin da bai iya karanta bayan kwali ba, ko dai ya ci abin da bai so, ko ya ƙi kome ya kwana da yunwa, alhali a unguwanni kamar Peckham ga mahautan halal, ga doya, ga manja, ga garin rogo. Wanda addininsa bai hana shi ba, shi ma sanyi bai ƙyale shi ba. A watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, kuɗin ɗumama ɗaki kuwa ba wanda ya sa masa shi cikin lissafi tun daga gida.

Laifin ba na malamai kaɗai ba ne. Babban kaso na waɗanda suka je suka komo ne. Su zo da kwat da hotuna, su cika mu da labarin jirgin ƙarƙashin ƙasa da fadar sarki, amma ba wanda zai ce, "Ni fa na yi mako biyu ban ci abinci mai zafi ba." Suna tsoron dariya, ƙannensu kuwa su tafi su faɗa ramin nan guda.

Saboda haka muna roƙon shugabannin makarantu, in tsohon ɗalibi ya komo daga waje, a tsai da shi gaban aji awa guda, a hana shi zancen fada da jirgi. Ku kuwa samari da 'yan mata, ku tambaye shi abin da ya ci ran da ya sauka, da nawa ya biya, da wanda ya nuna masa hanyar kantin.