Amurka: Me Ya Sa Marasa Addini Ke Da Yawan Jama'a Amma Kujeru Uku Kacal A Majalisa?

Da aka rantsar da Majalisar Dokokin Amurka ta 119 a watan Janairun 2025, cibiyar bincike ta Pew ta yi abin da ta saba yi duk bayan shekara biyu, wato ƙididdige addinin kowane ɗan majalisa. Kashi 87 cikin 100 Kiristoci ne. Musulmi huɗu ne. Waɗanda suka ce ba sa bin kowane addini kuwa mutum uku ne kacal: Yassamin Ansari da Abraham Hamadeh daga jihar Arizona, da Emily Randall daga jihar Washington.

A wajen majalisar lissafin ya sha bamban. Binciken cibiyar ya nuna cewa kimanin kashi 29 cikin 100 na manyan Amurkawa ba sa jingina kansu ga wani addini, alhali a 2007 kashi 16 ne. Da a ce ana raba kujeru 535 na majalisun biyu gwargwadon yawan jama'a, da rabonsu ya haura 150.

Wannan giɓi bai samo asali daga doka ba. Sashe na 6 na kundin tsarin mulkin Amurka ya haramta gindaya sharaɗin addini ga mai neman muƙamin gwamnati. A 1961 Kotun Ƙoli ta faɗaɗa haramcin zuwa jihohi, a shari'ar Roy Torcaso, mutumin da jihar Maryland ta hana muƙamin mai tantance takardun shari'a saboda ya ƙi furta cewa ya yi imani da Ubangiji. Har yau kundin tsarin mulkin jihohi irin su Texas da Mississippi da Tennessee na ɗauke da ayoyin da suka hana irinsa muƙami, sai dai tun wancan hukunci suka zama kyanwar Lami, ba cizo ba yaƙushi.

Shingen farko yana wurin masu zaɓe. Cibiyar Gallup ta daɗe tana tambayar Amurkawa ko za su zaɓi mulhidi shugaban ƙasa idan ya cancanta. A 1958 kashi 18 ne suka amsa da eh. A 2020 adadin ya kai kashi 60, ƙasa da kashi 66 da suka ce za su iya zaɓen Musulmi. Ci gaba ne, amma ma'anarsa ita ce kusan mutum huɗu cikin goma sun juya wa ɗan takarar baya tun kafin ya buɗe baki. A mazaɓar da ake cin zaɓe da tazarar 'yan dubban ƙuri'u, babu jam'iyyar da za ta yi wannan caca da son ranta.

Shi ya sa shiru ya zama dabara. Pete Stark na jihar Kalifoniya, ɗan majalisar tarayya na farko da ya fito fili ya ce bai yi imani da Ubangiji ba, ya faɗi hakan ne a 2007, bayan ya shafe fiye da shekara 30 a kan kujerarsa. Jared Huffman ma sai a 2017 ya bayyana matsayinsa, kuma daga mazaɓar da jam'iyyarsa ta Dimokurat ba ta fargabar faɗuwa. A majalisa mai ci, kimanin mutum 20 ba a san addininsu ba, ko kuma sun ƙi faɗa.

Shinge na biyu yana cikin gidan marasa addinin kansu. Sunan ya tattara mutanen da ba su da alƙibla guda. A cewar Pew, kashi 17 ne kawai daga cikinsu mulhidai, kashi 20 masu kokwanto ne, sauran kashi 63 kuwa cewa suke yi kawai ba su da wani addini takamaimai, kuma akasarin marasa addinin sun yarda da Ubangiji ko wani iko da ya fi ƙarfin ɗan Adam. Wannan rukuni mafi girma shi ne kuma ya fi ƙauracewa rumfunan zaɓe. Coci na tara mabiyanta duk ranar Lahadi, tana da shugabanni da asusu da motocin kai mutane rumfar zaɓe. Wanda ba ya zuwa ko'ina ba shi da mumbarin da ɗan takara zai je neman sa.

Ƙoƙarin cike giɓin ya fara ne daga nan. A watan Afrilun 2018 Huffman da Jamie Raskin da Jerry McNerney da Dan Kildee suka kafa rukunin 'yan majalisa masu rajin 'yancin tunani, domin kare rabuwar addini da gwamnati da kuma yaƙi da nuna wa marasa addini wariya. Ba su rufe ƙofa ga masu imani ba. Raskin Bayahude ne, kuma Rashida Tlaib, Musulma daga jihar Michigan, ta shiga rukunin a 2020. Lissafinta ba boyayye ba ne: ƙa'idar da ta hana a tambayi Torcaso imaninsa ita ce ta bai wa Keith Ellison damar zama Musulmi na farko a majalisar, har ya ɗora hannu kan Alƙur'anin Thomas Jefferson a bikin rantsuwarsa na 2007. Duk ranar da aka karya ta domin a hukunta wani tsirari, sauran tsirarun su shafa wa gemunsu ruwa.

Birtaniya ta nuna inda hanyar ke iya kaiwa. A 1880 aka hana Charles Bradlaugh zama a kujerar da ya ci saboda rikicin rantsuwa, mutanen Northampton suka yi ta sake zaɓensa har aka sauya dokar a 1888. Bayan zaɓen 2024, kimanin kashi 40 na 'yan Majalisar Wakilan ƙasar, ciki har da Firaminista Keir Starmer, alkawari suka ɗauka maimakon rantsuwa da littafi mai tsarki.

Nijeriya ma tana da irin waɗannan ayoyi. Sashe na 10 na kundin 1999 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na ƙasa, sashe na 38 ya tabbatar da 'yancin tunani da addini, kuma tsarin rantsuwar kama aiki ya ba da zaɓi tsakanin rantsuwa da alkawari. Amma ce-ce-ku-cen da ya biyo bayan tikitin Musulmi da Musulmi a zaɓen 2023 ya nuna cewa a zahiri masu zaɓe da jam'iyyu ne ke gindaya sharaɗin da doka ta hana. Abin da ya kamata matashin da ke bibiyar siyasa ya ɗauka daga Amurka shi ne, doka tana buɗe ƙofa ne kawai, yawan jama'a kuma ba ya rikiɗewa ya zama kujeru sai an yi rajista, an kafa ƙungiya, an tsayar da ɗan takara tun daga matakin kansila. Wannan ya shafi marasa addini a Arizona, kamar yadda ya shafi Kirista a Kano da Musulmi a Anambra.