Daga Suk al-Arabi: Wai Ina Ne Mai Wurno?



Kafin yaƙin nan ya tashe mu daga Khartum a watan Afrilun 2023, ina da ɗan shagon turare a Suk al-Arabi, ba nisa da Babban Masallaci. Wata rana da la'asar wani saurayi Bakano da ya zo sarin humra ya zauna muna shan shayi, sai ya ce, "Baba, don Allah ina ne Mai Wurno? Kakata ta ce wanta ya tafi Makka a ƙafa tun tana yarinya, wasiƙarsa ta ƙarshe daga can ta fito. Mu a gida mun ɗauka Wurnon Sakkwato ake nufi."

Na ce, "Ɗana, ba ku kaɗai ba ne." Tambayar ta sake zo mini ta WhatsApp a makon jiya daga wata baiwar Allah a Maraɗi, shi ya sa na ga gara in amsa ta a nan kowa ya amfana.

Wurno daban, Mai Wurno daban. Wurno tana jihar Sakkwato, ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ce, can kuma kabarinsa yake. Mai Wurno kuwa gari ne a nan Sudan, a gaɓar yamma ta kogin Nil Azrak, kudu kaɗan da birnin Sennar, a kan hanyar Singa. Daga Khartum, a da, mutum kan hau mota a tashar Mina al-Barri, ya bi ta Wad Madani har Sennar, tafiyar kusan kilomita 300, sannan ya hau ƙaramar mota ta ƙarasa da shi.

To, me ya kawo sunan Wurno bakin Nilu? Labarin ya faro ne a watan Maris na 1903, lokacin da Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya ƙi zama ƙarƙashinsu, ya yi hijira ya fuskanci gabas, jama'a suka bi shi, malamai da manoma da 'yan kasuwa, mata da yara. Dama tun zamanin Shehu ana ta maganar cewa wata rana jama'a za ta yi ƙaura zuwa wajen Nilu. Turawa suka bi sawunsu har Burmi, a ƙasar Gombe ta yanzu. A ranar 27 ga Yuli, 1903 aka yi gumurzu, Sarkin Musulmi ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa.

Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake yi wa laƙabi da Mai Wurno, shi ya ja ragowar jama'ar suka ci gaba da tafiya. Shekaru suka yi a hanya kafin su iso yankin Shaikh Talha a bakin Nil Azrak. Garin da suka kafa a tsallaken kogin ya ɗauki laƙabinsa, kuma har yau zuriyarsa ke riƙe da sarautar wurin.

Daga nan garin ya zama zango. Maniyyacin da ya keto Barno da Wadai da Darfur a ƙafa, guzuri ya ƙare, sai ya yada zango ya yi noma kafin ya nufi Sawakin ya haye teku zuwa Jidda. Da aka gama madatsar Sennar a 1925, gonakin audugar Jazira suka buɗe, aiki ya samu. Wani ya ce zai yi damina ɗaya, ya yi goma. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, Larabci ya shiga bakinsu. Ta haka ne wan kakar yaron nan, da dubbai irinsa, suka ɓace wa danginsu alhali suna raye.

Yaron ya je kuwa. Bayan kwana huɗu ya dawo shagona fuskarsa a sake. Tsohon ya daɗe da rasuwa, amma ya tarar da jikokinsa, har wata tsohuwa ta faɗa masa sunan unguwarsu ta Kano. Abin da ya taimake shi bai wuce abu uku ba: sunan tsohon da na mahaifinsa, garinsu na asali, da sana'ar gidansu. Dattawan masallaci suka haɗa sauran.

Yanzu ga abin da ke damuna. Yaƙi ya sake watsa jama'a, wasu suna Bur Sudan, wasu Masar, wasu Chadi, wasu sun koma Najeriya. Dattawan da ke riƙe da waɗannan sunaye a ka suna ta ƙarewa. Mu 'yan kasuwa ba ma kwana sai mun rubuta bashin kowa a littafi, amma wa ya taɓa rubuta sunan kakansa?

Don haka daren yau, bayan isha'i, a zauna da tsohuwar gida. A tambaye ta wa ya tafi gabas bai dawo ba, ɗan wane ne, daga wane gari. A rubuta, a bai wa yara su ajiye a waya. Zumunta a ƙafa take, amma ƙafa ba ta zuwa inda ba ta san sunansa ba.

Allah ya kawo zaman lafiya a Sudan, ya sada kowa da nasa. Sai mako mai zuwa in muna da rai.