Ƙarfin inji ba ƙarfin birki ba ne

Jama'a, a ganina masu a-kori-kura a unguwar Zariya ta Maraɗi sun cika auna mota da ƙarfin inji, alhali birki ya kamata su fara dubawa. Toyota ta amince sabuwar Hilux ta ja tirela mai nauyin har kilo 3,500, amma sai in tirelar na da birkinta. In babu, iyakarta kilo 750. Tirelar da mai walda ya haɗa, aka shaƙe ta da buhunan masara daga Jiratawa, da wuya ka ga birki a ƙafafunta. Za ku ce ai tana kaiwa Tibiri lafiya lau. Haka ne, amma ranar da ɗan kabu-kabu ya gitta, nauyin baya zai ingiza motar, ta murɗe, sitiyari ya daina jin magana.